Uwar da Takarda Ba Ta Sani Ba

Duk wanda ya saba cin kasuwar Aliero ya san Kulsum mai gabu, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, tana zama can gefen masu albasa da faifai a gabanta, ba ta kiran mai saye, ba ta kuma jayayya a kan ciniki. Idan mutum ya taya ta ga bai yi mata ba, sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Daga wani ƙauye kusa da Maiyama aka kawo ta Danwarai, gidan Almu manomin albasa, kuma tun daga lokacin hannunta bai rabu da warin albasa ba. Idan maza sun cire albasa sun kai rudu, rumfar da ake ajiye ta, ita ke bin ganyen, ta daka, ta dunƙula, ta shanya ya zama gabu na miya. Da wannan sana'a ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita kuma ta riƙe gida bayan rasuwar Almu.

Abin da aka fi saninta da shi a Danwarai shi ne kunya. Idan uwa na yi wa 'yarta faɗa a kan rawar kai, sai ka ji ta ce, "Ba ki ganin Kulsum?" Ita ce abin kwatance, kuma macen da aka mayar abin kwatance ba ta cika shan daɗin duniya ba, don kullum idon mutane na kanta.

Ɗanta na fari sunansa Nuraddeen. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wannan yanki: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta nuna damuwa ko da ya faɗi ya fasa baki. Wasu matan sukan yi abin sama-sama, su shige ɗaka su rungumi abinsu. Kulsum kuwa da gaske ta ɗauki abin. Da aka yaye shi, sai Iyatu, yayar Almu, wadda ke aure a Alelu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi da shi. Kulsum na tsaye tana surfe, ko kai ba ta ɗago ba. Sai dai dawar da take surfawa ran nan har ta koma gari ba ta ankara ba.

A Alelu ya tashi. Iyatu ta riƙe shi tsakani da Allah, ba wanda zai ce ta rage shi da komai. Ita yake kira Inna, Kulsum kuwa Innar Danwarai. Idan ya zo da salla ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu, ta tsamo tsokar da ta fi girma a tukunya ta ce wa ƙannensa, "Ku miƙa ma ɗan Iyatu." Sai ya juya zai tafi sannan take kallonsa ta kafar zana har ya sha kwana. Ta san ƙeyarsa fiye da yadda ta san fuskarsa.

Yaron ya yi kai. Ya haddace Alƙur'ani, ya haɗa da Islamiyya a Jega, har aka zaɓe shi ya je ƙaro karatu a ƙasar Larabawa. Wajen shirin tafiyar ne aka nemi takardar haihuwa, abin da ba a yi masa ba tun farko, don a Danwarai ta wancan lokaci ungozoma ce shaida. Aka ce a kawo sunan uba da na uwa. Iyatu mace ce mai gaskiya, ba ta yanke hukunci ita kaɗai ba, ta hau mota ta zo Danwarai. Kuskurenta ɗaya, ta tarar da gidan cike da mata ana taron suna, kuma a gabansu ta yi tambayar.

"Kulsum, an ce a rubuta sunan uwatai ga takarda. Ni ko nic ce sai na zo na ji, tunda ke kih haihe shi."

Mata suka zuba wa Kulsum ido. Ita kuwa ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Haba Yaya. Ni ina da wani ɗa can? Wa yas sha wahalatai? A rubuta naki."

Gida ya ɗauka da yabo, wata tsohuwa har da guɗa. Aka yi ta faɗa a ƙauyuka cewa ga yadda 'ya'yan mutunci ke yi. A cikin duk masu guɗar nan ba wadda ta yi tunanin cewa takarda ba ta san kara ba, abin da aka gaya mata shi take riƙewa. Iyatu ta koma Jega aka rubuta sunanta.

Nuraddeen ya gama karatu, ya samu aikin koyar da yara Alƙur'ani a wani masallaci a Kuwait, ya zo ya auri Shafa'atu 'yar Jega ya tafi da ita. Shekarar da ya samu halin biyan kujerar Makka guda ɗaya, ya aiko a tambayi iyayen nasa wa za ta fara. Kulsum ta ce ita ba ta shiga gaban Yaya, Iyatu ta je ta dawo. Idan ya bugo ta wayar Zayyanu, ƙaninsa mai fataucin albasa, ana miƙa wa Kulsum sai ta ce, "Lahiya lau, a gaida mutanen gidan," ta mayar da wayar. Amma ba ta barin wurin. Sai ta tsiri tsintar wake nan kusa har a gama hirar.

Haka aka yi ta tafiya har lokacin da ciwon hanta ya kama shi. Da farko aka ɓoye wa tsofaffin, aka ce zazzaɓi ne. Ran nan da rana tsaka Kulsum na shanyar gabu, sai ga Zayyanu da waya a hannu, ya ce Shafa'atu ce, kuma ita take nema.

"Inna, jikin Malam ya yi tsanani. Likitoci sun ce ba shi iya hawa jirgi. Ya ce a hwaɗa miki ki taho. Ke shika nuhi, Inna, ta Danwarai."

Zayyanu ya tsaya yana jiran ya ji ta ce a gaya wa Yaya, kamar yadda ta saba. Sai ya ga ta goge hannu a zani, ta dube shi ta ce, "Ta ina a ka bi a tahi can?"

Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba tsoron mutuwar kanta ba, mutuwa ta shiga gidanta ba sau ɗaya ba. Tsoron kada ɗan nan ya bar duniya ba ta taɓa zama a gabansa ta kalli fuskarsa ido da ido ba.

Washegari Zayyanu ya kai ta Jega wurin Magaji, mai shirya wa mutane tafiyar Umara da ta ƙasashen waje, wanda ofishinsa ke kan wani bene kusa da tasha. Magaji mutum ne mai surutu kamar rediyo, amma ya san aikinsa.

"Inna, tahiya ƙasar Larabawa ba hawa motar Yawuri ba ta," in ji shi. "Sai kin yi lambar ɗan ƙasa, sa'annan fasfo. Fasfon ma sai da sauran rai gare shi, wata shidda ko hiye. Sai a yi miki allurar shawara a ba ki katin. Tikiti na zuwa da komowa ɗai suka yarda da shi. Biza kau ba nan a ka yin ta ba. Can iyalinai za su nema miki ta ziyara, wadda a ka ba uwa da uba, su nuna shaida ke a uwatai."

Ya ƙara da gargaɗi. Kada ta karɓi saƙon kowa ko da limamin garinsu ne, don abin da aka samu a jakarta nata ne. Kada ta ɗauki magani ba takardar likita. Kada ta kuskura ta ƙunsa wani dakakken ganye, ko da gabun nan nata ne, don masu binciken kaya ba su san miya ba. Ta kuma shirya wa zafi, wai na can ya ninka na bazarar Kebbi. Kulsum ba ta iya karatun boko ba, amma ta kwashe maganar nan kaf. A mota kan hanyar komawa Zayyanu ya ji tana bita ƙasa-ƙasa kamar mai tilawa.

Aka shiga zirga-zirga tsakanin Danwarai da Birnin Kebbi. Da aka tambaye ta shekarunta ta ce Allah ya sani. Ma'aikacin ya ce shi ma ya yarda Allah ya sani, amma na'ura lamba take so, sai da Zayyanu ya yi ƙiyasi. Wurin hoto aka ce ta ɗago kai ta kalli gilashin. Macen da ta shekara tana kallon ƙasa a gaban maza, yau ga saurayi sa'an jikanta yana ce mata ta buɗe ido ta dube shi. Ana shirin ɗauka sai idon ya koma ƙasa, a sake. Yatsunta kuma na'ura ta ƙi su, taɓarya da ruwan albasa sun cinye zanen. Aka goga mata mai, aka danna wannan aka danna wancan, har aka dace wasu suka kama. Allurar ta kumbura mata hannu, ba ta ce uffan ba. Ranar da fasfo ya fito ta ɗinka masa 'yar jaka ta rataya a wuya, da shi take daka, da shi take kwana.

Zayyanu ya aika hoton fasfon, Shafa'atu ta haɗa da takardun mijinta ta kai inda ake neman biza. Ba a daɗe ba aka dawo mata da su. Fasfo ya ce Kulsum, takardar haihuwar Nuraddeen ta ce sunan uwarsa Iyatu. Mutanen ba su yi faɗa ba, ba su zargi kowa ba, cewa kawai suka yi wannan ba ita ce uwar ba.

Da Zayyanu ya gaya mata, sai da ya maimaita, don ta kasa gane wace takarda ake nufi. Da ta tuna taron sunan nan da guɗar tsohuwar nan, sai ta zauna a kan turmi, ta daɗe ba ta motsa ba.

Magaji ya ce akwai dabara ɗaya, a je kotu ta yi rantsuwa cewa ita ta haife shi, a aika takardar ko Allah zai sa a dace. Suka je. Magatakardan ya ja takarda ya dube ta.

"Sunan ɗan naki?"

Zayyanu ya yi caraf ya faɗa. Magatakardan ya girgiza kai. "Ba kai za ka yi rantsuwa ba, malam. Ita za ta hwaɗi da bakinta."

Ɗakin cike yake da mutane, masu rigimar gona da masu neman canjin suna, kowa ya juyo. Kulsum ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Tun ranar da aka raɗa sunan nan bai taɓa bi ta harshenta ba, ko a addu'a "ɗan nan" take cewa, tunda Allah ya san wanda take nufi. Ta sake gwadawa.

"Nuraddeen."

Ya fito a karkace kamar sunan baƙo.

"Ke kika haife shi?"

"Ni nih haihe shi," in ji ta, wannan karon da ƙarfi, har wani tsoho a baya ya ce, "To madalla." Ta dangwala hannu, suka fito. A bakin kotun ta tsuguna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar yaye, mutane na wucewa suna zaton an kayar da ita a shari'a ne.

Rantsuwar ba ta yi amfani ba. Can aka ce sai an gyara takardar haihuwar daga tushe, a fassara ta da Larabci, a bi da ita ofis-ofis ana buga mata hatimi, sannan a sake duba duk takardun zaman Nuraddeen, tunda a kan tsohuwar aka gina su. Aiki ne na watanni, likitoci kuwa sun daina maganar watanni. Shafa'atu ma ta ji tsoron kada taɓa takardun ya jawo tsaiko a jinyarsa. Magaji mai surutu, ran nan maganarsa gajera ce.

"Inna, wadda takarda tas sani ita za su ba. Fasfon Hajiya Iyatu na Makka da sauran rai gare shi. In anka nema mata, ba ta daɗewa."

Kulsum ba ta koma Danwarai ba, daga Jega ta wuce Alelu. Ta tarar da Iyatu zaune a ƙofar ɗaki da tasbaha, ta rame, ido ɗaya ya yi yana. Ita ma ta san halin da ake ciki, ita ma ɗanta ne, amma tun da aka ce ta Danwarai ya kira ba ta ce wa kowa tana son zuwa ba. Kulsum ta gaishe ta, ta gaya mata yadda aka yi da Magaji.

"Ba ni zuwa," in ji Iyatu. "Ke yak kira. Da wane ido za ni shiga mai ni ɗai?"

"Yaya, in ba ki tahi ba, ba wanda za shi gani daga gida."

"Laihina na. Da ban tambaye ki gaban mutane ba."

"Ko mu biyu ɗai muke cikin ɗaki, hakanan za ni ce," in ji Kulsum. Ba ta tabbata gaskiya ta faɗa ba, amma tsohuwar na bukatar jin haka.

Biza ta fito da sunan Iyatu. Kulsum ta tare a Alelu tana shirya ta. Ita ta kai ta allura, ita ta zazzage jakarta ta fitar da ƙullin sassaƙe da garin magani da maƙwabta suka yi ta kawowa wai a kai wa Malam. Ta yi ta nanata mata kada ta karɓi saƙon kowa, ta riƙe katin allura tare da fasfo, ta riƙa shan ruwa, idan ta rasa hanya a filin jirgi ta nuna tikiti ga mai kayan sarki. Duk karatun da ta haddace don kanta ta juye wa wata. Iyatu da ta taɓa zuwa Makka ta san rabin abin, amma ta bar ta tana faɗa, don ta ga maganar ce ke riƙe da ita.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Shafa'atu ta bugo wayar Zayyanu ta ce a ba Kulsum.

"Inna, na hwaɗa mai Inna Iyatu na tahe. Amma ban iya hwaɗa mai ke ba ki zuwa ba. Kullum sai ya tambaya. Ga shi, ki hwaɗa mai da kanki."

Kafin ta ce a'a, ta ji numfashi a kunnenta, mai nauyi, yana ja da ƙyar. Muryar da ta biyo baya ta tsufa fiye da tata.

"Inna? An ce takardu sun hito. Sai kun iso ke nan."

Ga maganar a bakinta. Kalma kaɗan ce, ba ni zuwa, ka yafe mini. Ta ji yadda yake murna a cikin wahalar nan, ta kasa kashe masa ita. Ta ce, "Allah shi ba ka lahiya," ta miƙa wa Zayyanu wayar.

Da safe aka raka Iyatu tashar Jega. An haɗa ta da wani malami mai komawa can, wanda zai kula da ita har su sauka. Kulsum ta gyara mata zama a mota, ta duba jakar fasfon a wuyanta, ta tsaya har motar ta ɓace a hanyar Abuja. Daga nan ta koma Danwarai ta ci gaba da daka, don ganyen albasa ba ya jira.

Iyatu ta same shi da rai, ta yi kwanaki a gefen gadonsa. Wata Juma'a da hantsi Zayyanu ya shigo gida ba hula a kansa, Kulsum ta dube shi ta ajiye taɓarya, ba sai ya faɗa ba. A can aka yi masa sutura. Mutanen Danwarai sun shigo gaisuwa, ba laifi, amma da yawa sukan rufe da cewa, "Allah shi ba Iyatu haƙuri, ita aka tausayi." Kulsum ta riƙa amsawa da amin.

Da Iyatu ta dawo, jama'a suka ɗunguma Alelu, nan aka yi zaman gaisuwa na sosai. Kulsum ta shiga mota tare da matan Danwarai, ta bi layi kamar kowa, ta durƙusa gaban Iyatu ta ce, "Yaya, ya haƙuri?" Iyatu ta riƙe hannunta ba ta saki ba. Sai da mutane suka tashi sallar azahar, ɗakin ya rage su biyu, sannan Kulsum ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Ya gane ki?"

"Ya gane ni. Ya yi murna, har yat tashi zaune." Iyatu ta murza tasbaha. "Ya kama hannuna, ya gaishe ni. Sa'annan yad dubi bayana."

Kulsum ta matso kusa, Iyatu ta ci gaba.

"Nic ce mai takarda ta hana ki. Yac ce to, ba komi, Allah bai nuhwa ba. Bai sake tambaya ba. Amma Kulsum, ban iya ɓoye miki. Har ranar da yac cika, duk sa'ad da anka taɓa ƙohwar ɗakin nan, sai ya juya kai."

A waje an idar da salla, mata sun fara shigowa. Wata ta leƙo ta ce a matsa wa baƙin Maiyama su gaida uwar mamaci. Kulsum ta zare hannunta daga na Iyatu, ta tashi ta ba su wuri.